Ranar da Ruwa Ya Rufe Ɗuwawun Hakimi

Sumako Kitazoe tana tsakiyar sauka daga tsanin ƙarfen da ke manne da gadar Onigase, ƙafa ɗaya a kan mataki na goma sha ɗaya, ɗayar tana laluben na ƙasa, sai gwiwarta ta hagu ta yi ƙarar nan da ta saba yi. Ta tsaya ta zage ta tas, kamar yadda take yi kowace safiya, sannan ta sassauta murya ta ba ta haƙuri, ta ce ta daure, yau ce rana ta ƙarshe.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan sauka sau biyu a rana, ƙarfe shida na safe da ƙarfe shida na yamma. Aikinta shi ne ta duba inda ruwan kogin Tsurube ya kai a jikin allon awo da aka kafa a ginshiƙin gadar, ta rubuta a littafi, ta buga waya ofishin gari ta faɗa. Daga wurin surukinta ta gaji aikin, domin mijinta, lokacin da yake raye, mutum ne da ko girgizar ƙasa ba ta tashinsa kafin ƙarfe bakwai. A duk shekarun nan hantsi bai taɓa samunta a kan shimfiɗa ba. Shi ya sa tun makon jiya ta je birni ta sayo labule mai kauri, baƙi ƙirin, ta ajiye shi cikin ledarsa, ta kuma yi wa maƙwabciyarta alkawarin agogon da ke tashinta.

Abin da ya karɓe mata aikin yana rataye a ƙarƙashin gadar. Wata farar na'ura ce mai kama da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wadda aka kafa a watan Afrilu. Kowane minti goma takan auna ruwan ta aika da lamba zuwa wayar duk mai so. Sumako ba ta riƙe ta a zuci ba. Tukunya take kiranta, kuma takan gaishe ta idan ta sauko.

Allon ya nuna mita ɗaya da santimita talatin. Ta duba wayarta, Tukunya ma ta ce ɗaya da talatin. Doka ta ce sai ruwa ya kai ɗaya da sittin ake hana jiragen roba sauka da masu yawon shaƙatawa, saboda haka a takarda kogin lafiya lau yake. Ta rubuta lambar, ta rufe littafin, sannan ta juya ta dubi can ƙasa, inda kogin yake matsewa tsakanin duwatsu ya fara tafasa.

A tsakiyar matsin akwai wani dutse mai tudu biyu zagayayyu da tsagi a tsakaninsu. A takardun ofis sunansa Dutse na Biyu. Mutanen gari kuwa Ɗuwawun Hakimi suke ce masa, wai don wani hakimi na zamanin da ya leƙa kogin ya ga ko talakawa sun ɓoye masa wani abu a ciki, ya zurma da ka, aka bar shi a haka. Surukinta bai bar mata ilimi mai yawa ba, amma ya bar mata wannan: muddin ana ganin tsagin, a sauka, ranar da ruwa ya rufe shi kuwa, ko gungumen itace ne ya faɗa bayan dutsen sai ya wuni yana juyi kafin ruwa ya sake shi. A ɗaya da talatin tudun nan biyu a bushe suke zama, har tsuntsaye su sauka a kai su yi abin da tsuntsaye ke yi wa manya. Yau babu tsagi, babu tudun dama. Ɗan ƙoƙon tudun hagu kaɗai ke leƙowa yana nutsewa, ruwan kuma ya yi kalar shayi da madara.

Ba ta daɗe tana neman dalili ba. Ta dubi ƙafar tsanin da take tsaye a kai. A da, matakin ƙarshe a kan tsakuwa yake zaune. Tun da wata mahaukaciyar guguwa mai ambaliya ta wuce, mako biyar ke nan, a iska yake reto. Ambaliyar ta kwashe tsakuwar ƙarƙashin gada ta ƙara wa wurin zurfi, saboda haka ruwa mai yawa yana wucewa amma a jikin allo sai ya zauna ƙasa-ƙasa, kamar miyar da aka juye daga faranti zuwa kwano mai zurfi. Allo bai yi ƙarya ba, Tukunya ma ba ta yi ba. Ƙasan kogin ne ya gudu ya bar su. Shi kuwa Hakimi da dutsen ƙasa aka halicce shi, babu inda ya je. Sau huɗu ta rubuta batun tsakuwar a gefen littafi, wurin da aka ware don ƙarin bayani, ko da yake ta san tun zamanin surukinta babu wanda ya taɓa karanta wannan gefen. Ga shi kuma an kwana ana ruwa a kan tsaunuka.

Da wata rana ce, da abin ya zo da sauƙi. Amma yau da ƙarfe goma za a sake buɗe kogin bayan guguwa, kuma shugaban gari Myojin da kansa zai shiga jirgi na farko tare da 'yan majalisa biyar, masu ɗaukar hoton talabijin suna jiransu a kan gada. A wurin ne kuma za a ba ta takardar yabo a sallame ta. Mai tuƙa jirgin shi ne Genta, ɗan ƙanenta, wanda ta sha goyawa ta tsallaka wannan gada da shi.

Ta hau sama ta buga wa Yasuoka waya, shugaban sashen ruwa da hanyoyi. Tun kafin ta buɗe baki ya gode mata bisa shekara talatin da ɗaya, sannan ya nemi lamba. Ta ba shi, ta ƙara da cewa Hakimi ya nutse. Yasuoka baƙo ne, daga birni aka turo shi shekara biyu da suka wuce, saboda haka sai da ta yi masa bayani sau biyu. Ya ja iska ta tsakanin haƙora, irin na mutumin da ke neman hanyar ƙin magana ba tare da ya ce a'a ba. Ya ce zancen yana da muhimmanci ƙwarai kuma za a duba shi, sai dai takardar izinin sauka ba ta da gurbin dutse. Idan kamfanin jiragen ya ga haɗari ya janye da kansa, ofis ba zai ja da shi ba.

Ta shiga ƙaramar motarta ta ɗaukar kaya ta nufi rumfar jiragen, wadda ke sama da gada kaɗan. Ta tarar da Genta yana hura wa jirgin shugaban gari iska, sabo fil, ja, an ɗaura masa furannin takarda.

"Gwaggo, tun da sassafe kika zo karɓar takarda? Ai ba za ta gudu ba."

"Ka duba Hakimi yau?"

"Na duba waya. Ɗaya da talatin."

"Ban tambaye ka waya ba. Uban wa ya taɓa nutsewa a cikin waya?"

Ya yi dariya, amma da ta gaya masa batun tsakuwa sai ya daina hura iskar. Ya ce ranar Talata ya sauka gwaji, lamba tana santimita tamanin da biyar, kuma ya ji ruwan ya fi ƙarfin lambar, sai ya ɗauka hannuwansa ne suka yi sanyi da zaman mako biyar. Ya daɗe yana murza bakin famfon iskar. Daga nan ya ce yana da ma'aikata takwas da suka gaji da kallon juna, kuma idan ya janye a gaban talabijin a ranar da lamba take ƙasa da doka, har ƙarshen shekara babu wanda zai ƙara shiga jirginsa. Idan ofis ya soke, shi zai fi kowa murna. Amma ofis ya riga ya buga hatimi, kuma ofis ba ya buga hatimi sai ya bincika.

Ta tambaye shi abin da ofis ya gani kafin ya buga. Ya ce hatiminsa suka gani, na kamfani. Ta ce shi kuma me ya gani kafin ya buga nasa? Ya ce an gaya masa ofis ya amince.

"Tafiyar minti biyar ce zuwa gada," in ji ta. "Ka je ka gani da idon da uwarka ta haife ka da shi."

Ya ce zai je. Da gaske kuma ya yi niyya, har ya sa takalmi, sai ga sakataren shugaban gari da mota cike da hulunan kwano, yana neman a gwada rigar ceton da za ta rufe cikin mai gidansa ba tare da ta nuna shi a hoto ba. Daga wannan sai masu kafa rumfa, daga su sai masu lasifika. Sumako ta zauna a bayan motarta ta ci curin shinkafa biyu tana kallonsa yana kai da kawowa. Ƙarfe tara ta koma gada ita kaɗai. Ko ƙoƙon tudun hagu babu. Tukunya ta ce ɗaya da talatin da takwas.

Saura kwata a fara biki Yasuoka ya same ta a bayan rumfa, riƙe da takardar izini da ɗan akwatin jan tawada. Takardar tana da gurbi huɗu a jere, daga babba zuwa ƙarami, kuma al'adar ofishin ita ce kowa ya ɗan karkatar da hatiminsa wajen na wanda ya fi shi, kamar mai rusunawa. Na shugaban gari kaɗai ke tsaye ƙyam. Na Yasuoka ya rusuna masa, na Genta ya rusuna wa na Yasuoka har kamar zai kifa. Gurbi na ƙarshe na mai duba ruwa ne, kuma har zuwa ƙarfe goma sha biyun rana ita ce mai duba ruwa, domin Tukunya ba ta da hatimi.

Ta ce ba za ta buga ba. Yasuoka ya rusuna, ya ce ya fahimta sarai. Ya kuma tuna mata, cikin ladabi, cewa akwai wani hatimi mai ɗauke da sunanta, Kitazoe, a aljihun teburin ofis, wanda aka sayo a kanti shekarar da aka kwantar da ita asibiti, kuma sakatare yana iya ɗauko shi cikin minti goma. Shi dai ya fi son a ce hannunta ne ya rufe aikin shekara talatin da ɗaya.

Akwai wata hanya da tsofaffin ma'aikata suka sani ta ƙin yarda ba tare da an ɗaga murya ba, wato a buga hatimi a kife. Duk wanda ya daɗe a ofis ya san abin da hakan ke nufi: an sa ni na buga, amma ban yarda ba. Sumako ta ciro hatiminta daga jakar wuya, ta danna shi a tawada, ta juya shi kai ƙasa a gaban idonsa, ta buga da ƙarfi har takardar ta lotsa. Yasuoka ya dube shi na ɗan lokaci. Ya juya takardar, nata ya miƙe, sauran ukun suka koma kai ƙasa har da na shugaban gari, sai ya yi maza ya mayar da ita yadda take. Ya ce idon tsufa sai haƙuri. Doka dai ta ce gurbi huɗu, hatimi huɗu, ba ta faɗi inda za su fuskanta ba.

Aka fara biki. Malamin ɗakin bauta, cikin fararen kaya, ya kaɗa wani reshe mai ganye a kan jirgin ya roƙi kogi ya yi haƙuri da baƙi, sannan ya zuba masa kwalbar barasar shinkafa guda, wadda ruwan ya haɗiye ba tare da ya nuna ya ji komai ba. A goshin jirgin, wanda ke ɗaure a bakin ruwa, an zaunar da dodon gari don hoto. Dodon nan ƙaton kan lemo ne, rawaya, mai murmushin da ba ya gushewa, da jiki na yadi a kan firam ɗin gora. An ɗaure shi da ɗamara don kada iska ta tuntsurar da shi, kuma an shirya za a sauke shi kafin a tashi. Mai shiga cikinsa Okabayashi ne na sashen shara, ɗan shekara hamsin da huɗu, wanda aikin ya faɗo wa shekara tara da suka wuce saboda shi kaɗai ne tsayinsa ya yi daidai. Sumako ta yi makaranta da yayarsa. Da safe, ganin zafin da ake yi, ta ɗura masa shayin sha'ir mai sanyi kofi uku ta bakin dodon.

Aka kira sunanta. Ta fita ta karɓi takardar yabo da hannu biyu, ta rusuna iyakar abin da gwiwa ta yarda. Aka miƙa mata lasifika ta faɗi kalma ɗaya ko biyu na ban kwana.

"Ɗuwawun Hakimi sun nutse," in ji ta. "Kada a sauka yau."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi shi. Shugaban gari Myojin, wanda ya ci zaɓe sau huɗu da iya karɓar magana, ya amshi lasifikar yana share hawayen dariya.

"Malama Kitazoe ta damu da ɗuwawun masu mulki, kuma na gode. A kwantar da hankali, jama'a. Nawa suna nan daram, kuma a kan roba mai laushi za su zauna."

Aka tafa. Sumako ta dubi Genta. Bai yi dariya ba, amma bai ɗago kai ba. Yana gyara igiyar hular wata 'yar majalisa mai shekara saba'in wadda ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na wanka ba.

Shugaban gari ya fara jawabi. Kowa a Onigase ya san jawabinsa minti arba'in ne, kuma daga tarihin gina gada yake farawa. Duk jama'a suka juya suna fuskantar dandali, suka ba kogi baya. Sumako ta koma gefe ta tsaya kusa da turken da aka ɗaure jirgin, takardarta a hammata. Ana cikin shekarar da aka zuba ginshiƙi na biyu sai ta ga bayan dodon ya buɗe. Okabayashi ya rarrafo daga ciki, daga shi sai singileti da gajeren wando, jiƙe sharkaf da gumi. Ya gan ta, ya ɗora yatsa a baki, ya bi ta bayan allon talla a duƙe ya nufi ban ɗaki da saurin mutumin da ya sha shayi kofi uku. Dodon bai motsa ba. Yana zaune a kan gorarsa yana yi wa duniya murmushi.

Sumako ta dubi ƙullin igiyar. Irin wanda ake warwarewa da ja ɗaya ne, kuma ita ta koya wa Genta shi yana ɗan shekara tara. Ta yi tunanin ɗan sandan gari, da jirgi sabo fil, da abin da za a riƙa faɗa a kanta a shagon aski har ta mutu. Ta ƙirga rigunan ceton da ke jere a gaban dandali: bakwai, da ta Genta. Sannan ta mayar da takardar yabon ɗaya hammatar, ta sunkuya ta ja.

Jirgin ya ja da baya a hankali kamar mai jin kunya, ya juya sau ɗaya, sannan ruwan tsakiya ya kama shi. Wata mata ce ta fara gani, ta nuna da hannu. Kafin shugaban gari ya kai ƙarshen jimlarsa babu wanda ke saurarensa. Wani ya ambaci sunan Okabayashi, sai jama'a suka kwasa a guje zuwa gada. Genta ya fizgi jakar igiyar ceto ya yi bakin ruwa, kuma ta ga a fuskarsa faɗawa zai yi ya bi jirgin. Ta cafke shi ta wuyan riga da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Babu kowa a ciki. Yana ban ɗaki."

Ya tsaya yana dubanta, ya dubi turken, ya dubi igiyar da babu.

"Gwaggo, me kika yi?"

"Na aike shi ya duba maka Hakimi, tun da kai ba ka da lokaci. Mu je ka gani."

Suka isa gada jirgin yana fitowa daga ƙarƙashinta. Ruwan ya ɗauke shi ya bi da shi hagu, daidai hanyar da Genta yake bi shekara goma sha biyu, inda kullum akwai wani santsin ruwa da ke zagaye dutsen ya fita lafiya. Yau babu santsin. Kogin gaba ɗaya yana hawa kan Hakimi ya faɗa bayansa cikin wani rami mai kumfa da ya tare matsin daga wannan gefe zuwa wancan. Jirgin ya faɗa ciki, ya tsaya cak kamar an taka masa birki, ya miƙe a kan gindinsa, ya kife. Bai wuce ba. Ramin ya jawo shi baya ya sake mirgina shi, ya sake, furannin takarda suna tashi. Ɗamarar ta tsinke. Kan lemon ya fito yana murmushi, ya nutse, ya fito ta wani gefe, ya sake nutsewa.

Mai ɗaukar hoton talabijin, wanda aka kafa a wurin don ya ɗauki shugaban gari yana ɗaga filafili, bai ɗauke ido daga na'urarsa ba. Sumako ta faɗa sau biyu cewa babu kowa a ciki, amma rugugin ruwa ya fi muryarta. Shugaban gari ya cire hularsa ya rungume ta a ƙirji. Ya fara cewa marigayin ma'aikaci ne mai gaskiya wanda bai taɓa makara ba, har ya kai ga batun yadda ya gyara tsarin kwasar shara a unguwar sama, sai wani mutum mai singileti ya kutso tsakaninsa da Yasuoka yana goge hannu a wando, ya tambayi abin da ake kallo.

Genta bai ga wannan ba. Ya kama ƙarfen gada da hannu biyu yana kallon agogonsa yana kallon ramin. Minti goma sha ɗaya ramin ya riƙe jirgin kafin ya tofar da shi, rabinsa a sace. Sannan ya juya wurin shugaban gari, ya rusuna har ƙasa, ya yi magana a hankali yadda na kusa kaɗai suka ji.

"Ranka ya daɗe, ta nan zan bi da ku. Babu wata hanyar. Ko ni da ma'aikatana takwas ne masu tuƙi, ta nan za mu faɗa."

'Yar majalisar nan mai shekara saba'in ta zauna a ƙasan gada da hularta a kai, ta nemi a ba ta ruwa.

Yasuoka ya riga ya fara tambayar wanda ya ga yadda igiya ta kwance, kuma idonsa ya riga ya san inda zai tsaya. Amma wata 'yar jaridar talabijin ta rigaye shi, ta miƙa wa shugaban gari lasifika ta tambaye shi abin da ya faru. Myojin ya dubi ramin, ya dubi Okabayashi, ya dubi hoton kansa a cikin gilashin na'urar. Ya gyara murya ya ce abin da jama'a suka gani gwajin tsaro ne. A Onigase, in ji shi, ba a saka ran baƙo a ruwa sai an tura jirgi babu kowa ya fara dubawa, kuma shi da kansa ya ba da umarnin haka tun makon jiya. Daga wannan lokaci babu wanda ya ƙara tambayar batun igiya, domin duk wanda ya kwance ta umarnin shugaba ya bi. Ɗan sandan gari, wanda ya riga ya buɗe littafinsa, ya rufe shi ya je ya karɓi gasasshen kifi.

Ƙarfe huɗu na yamma Sumako tana kan kujera tana ƙoƙarin rataya baƙin labulenta sai ta ji ana sallama a ƙofa. Yasuoka ne, da kwalin alewa a hannu ɗaya da takarda a ɗayan. Ya zauna a kan gwiwoyinsa a bakin ƙofa, ya daɗe yana yabon yanayi. Daga ƙarshe ya ce an yi magana da injiniyoyi, za su zo su sake auna ƙasan kogin su gyara lissafin na'ura, sai dai ba za su samu zuwa ba sai watan Afrilu. Kafin nan, ofis yana buƙatar wanda zai riƙa duba Dutse na Biyu sau biyu a rana. An ma buga sabuwar takarda mai gurbi na musamman.

"Wane dutse?" in ji ta. "Duwatsu sun yi yawa a kogin nan, ni kuma ga idon tsufa."

Ya ce na biyu, wanda ke ƙasa da gada. Ta ce ba ta gane ba. Ya dubi kwalin alewar, kunnuwansa suka yi ja.

"Ɗuwawun Hakimi, Malama Kitazoe."

"To, yanzu na gane."

Ta tambaye shi ko Genta ba zai iya ba. Ya ce an tambaye shi, ya ce shi daga yau zai riƙa dubawa don kansa, amma hatimin da zai yarda da shi a wannan gurbi ɗaya ne, nata. Ta karɓi takardar ta karanta ta tun daga sama har ƙasa, har da gefen ƙarin bayani, wanda ta ga an ƙara masa faɗi. Ta ciro hatiminta ta buga shi a tsaye ƙyam, bai rusuna wa kowa ba. Yasuoka ya dube shi, ya karɓi takardar da hannu biyu.

Bayan ya tafi ta naɗe labulen ta mayar da shi leda. Ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciyarta batun agogo sai Afrilu.

Ƙarfe shida saura minti biyar tana kan tsanin gada. A mataki na goma sha ɗaya gwiwar ta yi ƙararta. Sumako ba ta zage ta ba. Ta ce da ita ta yi mata ƙarya da safe, kuma ta san ba ta da bakin magana. Ta gaishe da Tukunya, ta karanta allo. Ruwan ya fara ja. Can ƙasa tudun nan biyu sun fito suna sheƙi, tsagin ma ya bayyana, kuma a tsakiyarsa, a maƙale daram, ga kan lemon nan yana kallon gada da murmushinsa.

Ta jiƙa bakin fensir, ta rubuta ɗaya da biyar. A sabon gurbin ta rubuta cewa Hakimi ya fito. Sannan ta koma gefen ƙarin bayani, ta ƙara da cewa ya yi baƙo, don ta ga ko yanzu akwai mai karantawa.